Bizar karatu: Abin da ya kamata ɗan Adar ya tantance kafin ya sake ajiye dosiye

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2026, ɗalibin da ke riƙe da fasfon Nijar kaɗai ba shi da hanyar samun sabuwar bizar karatu ta Amurka, komai kyan sakamakonsa kuma komai yawan kuɗin da ke asusun mahaifinsa. Ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai a rufe yake tun Janairun 2024. Kanada ta rage yawan ɗaliban da take karɓa, ta kuma ninka kuɗin da take so ta gani a hannunsu. Jamus ta soke hanyar ƙorafi ta kyauta da wanda aka hana biza ke bi a da.

Duk da haka, a birnin Tahoua da garuruwan arewacin Adar, daga Affala da Barmou zuwa Kalfou da Tabalak, duk shekara bayan fitowar sakamakon bakaloriya da na lisansi ana samun matasan da ke haɗa takardu domin neman karatu a waje. Idan an hana su, shawarar da suka fi ji daga abokai da 'yan tsakani ita ce su sake gwadawa, wai sa'a ce. Wannan shawara tana cinye dukiyar gidaje da yawa, domin kowace ƙasa ba ta mayar da kuɗin neman biza, kuma kowane ƙi yana zama a rubuce cikin kundin mai nema.

Hanin biza iri uku ne. Akwai wanda siyasar ƙasashe ta jawo, akwai wanda raunin dosiye ya jawo, akwai kuma wanda takardar ƙarya ta jawo. Na biyun ne kawai sake nema ke gyarawa. Aikin farko na ɗalibi da iyayensa shi ne su gane wanne ne ya same su.

Ƙofofin da siyasa ta rufe

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kawo Janar Abdourahamane Tiani kan mulki, dangantaka tsakanin Yamai da Paris ta lalace cikin 'yan makonni. A watan Agustan shekarar Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, kamar yadda ta yi a Bamako da Wagadugu. Ɗaliban da suka riga suka samu gurbi a jami'o'in Faransa domin zangon Satumba sun tsaya da takardun karɓa a hannu. Jakada Sylvain Itté ya bar ƙasar a ƙarshen Satumba, sojojin Faransa na ƙarshe suka fita a Disamba, sannan a ranar 2 ga Janairun 2024 Paris ta sanar da rufe ofishin jakadancinta, tana mai cewa ofisoshinta na ƙasashen yankin za su riƙa kula da ayyukan da suka shafi takardu.

A nan ne matsalar take. A ƙa'ida, ƙaramin ofishin jakadancin Faransa yana duba takardun wanda ke zaune bisa doka a ƙasar da ofishin yake. Matashin da ya taso daga Tahoua, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 zuwa Yamai, ya gangara Gaya ya tsallaka kogi da kwale-kwale zuwa Malanville saboda rufe iyaka da Benin, zai iya isa Kotonu ko Lome a ce masa ba a nan ya kamata ya nema ba. Bai faɗi jarrabawar komai ba, amma kuɗin mota da na masauki sun tafi.

Na Amurka ya zo ne mataki-mataki. A Maris ɗin 2024 Nijar ta soke yarjejeniyar soja da Washington, sojojin Amurka suka bar sansanin Agadez a wannan shekarar. A ƙarshen Yulin 2025 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta dakatar da ayyukan biza na yau da kullum a Yamai. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito wata takardar cikin gida ta ma'aikatar da ke cewa kashi 27 cikin 100 na 'yan Nijar masu bizar karatu da ta musayar ɗalibai suna wuce wa'adin zamansu. A ranar 16 ga Disambar 2025 Shugaba Donald Trump ya sanya Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, cikin jerin ƙasashen da aka hana 'ya'yansu shiga Amurka gaba ɗaya. Gwamnatin Yamai ta mayar da martani da hana Amurkawa biza. Najeriya ma ta shiga jerin masu takunkumi na wani ɓangare, wanda ya haɗa da bizar karatu, don haka ɗalibin Sakkwato ko na Kano ya shiga irin wannan hali.

Ma'anar wannan a aljihu ita ce: kuɗin neman bizar Amurka dala 185 ne, kuɗin rajistar ɗalibi na tsarin SEVIS dala 350, jimilla dala 535, wato kimanin jika 300 na sefa. Duk wanda ya karɓi waɗannan kuɗi daga hannun ɗan Nijar yau da alƙawarin cewa yana da hanya, yana sayar masa da abin da babu. Wanda jami'ar Amurka ta riga ta karɓa, abin da ya rage masa shi ne ya rubuta mata ya nemi ta ɗage masa gurbin zuwa wani zango, ya kuma buɗe wata ƙofar daban.

Ga waɗanda suke can kuwa, dokar ba ta soke bizar da ke aiki a ranar da ta fara ba. Sai dai ɗalibin da bizarsa ta ƙare yana cikin Amurka, ko da zamansa na karatu halal ne, idan ya zo gida hutu ko gaisuwar rasuwa ba zai samu sabuwa ya koma ba. Iyaye a Tahoua da ke matsa wa ɗansu ya zo Sallah ya kamata su san wannan.

Dukiyar Adar ba ta magana a takarda

Inda ƙofa take a buɗe, kamar Kanada da Jamus da Beljiyam, ko Faransa ga wanda ke zaune bisa doka a wata ƙasa, tambayoyi biyu ne ke kayar da yawancin ɗalibai: wa zai biya, kuma me zai sa ka koma gida? A duka biyun, yanayin rayuwar Adar yana yi wa ɗanta illa ta hanyar da shi kansa ba ya lura.

A fara da kuɗi. Adadin da Faransa ta daɗe tana nema shi ne yuro 615 a wata, wato kusan jika 403, abin da ya kusa ninka mafi ƙarancin albashi na Nijar, jika 42, sau goma. Jamus tana so a zuba yuro 11,904 na shekara a wani asusu na musamman da ake toshewa, kimanin miliyan 7.8 na sefa. Kanada ta ɗaga nata adadin daga dala 10,000 zuwa 20,635 a Janairun 2024, sannan zuwa 22,895 daga Satumbar 2025, sama da miliyan 9 na sefa, ban da kuɗin makaranta da na jirgi. Lardin Kebek yana da nasa lissafin.

Akwai gidaje a Adar da za su iya ɗaukar wannan nauyi. Yankin ya shahara da tafiya bida tun kaka da kakanni. Adarawa suna kasuwanci a Abijan da Legas da Duwala da Libreville da garuruwan Libiya, albasar Galmi da ta kwarin Keita tana kaiwa kasuwannin gaɓar teku, dabbobin Abalak da Tabalak suna cika motoci zuwa Najeriya. Amma wannan dukiya tana zaune ne a garke, a rumbun albasa, a adashi, a hannun amintaccen ɗan'uwa. Kuɗin da ɗan bida ke aikowa yakan zo ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, a karɓe su a hannu, a yar da rasiɗin. Jami'in biza ba ya ganin garke. Takardar banki yake karantawa.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Mako biyu kafin ajiye dosiye, dangi su haɗa miliyan shida ko bakwai su zuba lokaci guda a asusun da ya shekara babu motsi. A idon iyali wannan zumunci ne. A idon jami'in da ke duba ɗaruruwan dosiye, kuɗin aro ne da za a cire washegarin samun biza, kuma zai rubuta cewa ba a san asalinsu ba.

Gyaran wannan yana cin watanni. Wanda zai ɗauki nauyin ɗalibi ya riƙa shigar da cinikinsa banki tun da wuri, ta yadda takardar watanni shida za ta nuna shige da ficen kuɗi irin na mai sana'a. Ya haɗa da rajistar kasuwancinsa da lambar haraji da rasiɗin fatanti. Idan an sayar da shanu ko fili, a rubuta takardar ciniki da shaidu da hatimin hukuma. Idan kawu ne a Abijan ko yaya a Montreal zai biya, a kawo takardun haihuwa da ke nuna yadda dangantakar take, da shaidar aikinsa da ta zamansa, da rasiɗan kuɗin da ya saba aikowa. Kalmar "baba" ko "yaya" da muke kiran kowane babba da ita ba ta wadatar da ofishin biza.

Tambaya ta biyu ta fi wuya. Dokar shige da fice ta Amurka, a sashe na 214(b), tana ɗaukar duk mai neman biza a matsayin mai niyyar zama har sai ya nuna akasin haka. Dokokin Kanada, a sashe na 216, suna so jami'i ya gamsu cewa ɗalibi zai fita idan wa'adinsa ya cika. Saurayi ɗan shekara 22, ba mata, ba aiki, da 'yan'uwa uku a ƙasashen waje, daga yankin da aka sani da ƙaura, ya cika kusan duk siffofin da jami'i ke tsoro. Al'adar bida ta Adar tafiya ce da dawowa, mutum ya tafi bayan girbi ya komo da damina ko ya gina gida a garinsu, amma ba wanda zai yi wa jami'i wannan bayani idan ɗalibin bai yi ba.

Makaminsa a nan shi ne tsarin karatun da ya rubuta. Wanda ya yi lisansi a fannin shari'a a Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, ya nemi shekarar farko ta koyon aikin otal a wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta a Turai, ya ba jami'i hujjar ƙi da hannunsa. Wanda ya karanta noma ya nemi masta kan ban-ruwa ko adana albasa, ya kuma bayyana inda zai yi aiki da ilimin a Konni ko Madaoua, labarinsa yana tafiya a kan layi ɗaya. A ranar 29 ga Yulin 2024 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar wata ɗaliba 'yar Kamaru da Beljiyam ta hana biza, ta yanke cewa ƙasa tana iya ƙin mai nema idan ta gano karatu fakewa ce, kuma rashin daidaito a tsarin karatu yana iya zama alama, da sharaɗin a duba yanayin kowane mutum shi kaɗai. Hukuncin ya ba ofisoshin biza ƙarfi, ya kuma ba ɗalibi abin riƙewa idan an ƙi shi ba tare da an karanta dosiyensa ba.

Akwai kuma ƙaramin abu da ke kayar da manyan dosiye: sunaye da ranakun haihuwa. Yara da yawa a ƙauyukan arewacin jahar ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai daga baya aka karɓi hukuncin kotu da ke maye gurbinta, sau da yawa da ranar 1 ga Janairu. Sai ka ga Mahamadou a takardar haihuwa, Mohamed a shaidar bakaloriya, Mamane a fasfo. A gida mutum ɗaya ne. A kwamfutar ofishin biza mutum uku ne. Wannan gyara a kotu da magajin gari ake yin sa, kafin a sake nema.

Ƙorafi ko sabon dosiye?

Kowace ƙasa da nata tsari, kuma wa'adin gajere ne.

A Faransa, takardar ƙi tana zuwa da dalilin da aka yi wa alama. Wanda aka hana bizar dogon zama yana da kwana 30 kacal, tun gyaran dokar da ya fara aiki a Janairun 2023, ya aika ƙorafi da Faransanci zuwa hukumar CRRV da ke birnin Nantes. Idan wata biyu suka wuce ba amsa, an ƙi ke nan, daga nan sai kotun gudanarwa ta Nantes cikin wata biyu. Ba a zuwa kotu sai an bi ta hukumar. Lauya ko ɗan'uwa da ke Faransa mai takardar wakilci yana iya tsayawa. Sai dai a yi lissafi: wanda aka ƙi a Agusta, kafin shari'a ta kai ƙarshe an yi nisa da karatu, sai fa idan alƙali ya yarda ya saurare shi a matsayin gaggawa. Shi ya sa ƙorafi ya fi amfani idan kuskuren na ofishin ne ƙarara, misali an ce babu wata takarda alhali tana ciki.

A Jamus, tun 1 ga Yulin 2025 babu sauran rubuta wa ofishin jakadanci ya sake dubawa. Ko dai a shigar da ƙara a kotun gudanarwa ta Berlin, da tsadarta, ko a sake nema.

A Kanada babu ɗaukaka ƙara ta kai tsaye. Ana iya neman Kotun Tarayya ta duba hukuncin cikin kwana 60 ga wanda ke wajen ƙasar, amma ko ya yi nasara kotu ba ta ba da biza, mayar da dosiyen take yi ga wani jami'in. Abin da ya fi amfani shi ne bayanan da jami'i ya rubuta. Tun ƙarshen Yulin 2025 hukumar shige da fice ta fara haɗa su da takardar ƙi, kuma wanda bai samu ba yana iya neman su a hukumance. A cikinsu ne ake ganin ainihin abin da ya tsaya wa jami'in a rai. Sake biyan dala 150 ba tare da karanta su ba harbi ne a duhu.

Ƙorafin ɗaliban Afirka kan Kanada ba zargi ne na banza ba. A Mayun 2022 kwamitin majalisar dokokin ƙasar mai kula da shige da fice ya fitar da rahoto kan yadda ake yawan ƙin ɗalibai daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. A Agustan 2024 gwamnati ta buɗe wani shiri na gwaji domin irin waɗannan ɗalibai a makarantun Faransanci da ke wajen Kebek, wanda ya sauƙaƙa sharaɗin kuɗi ya kuma cire tilascin nuna niyyar komawa. Nijar tana cikin jerin ƙasashen da aka fara da su, da gurbi 2,300 a shekarar farko. Ɗalibi ya duba jerin bana da makarantun da ke ciki a shafin hukumar kanta.

Takardar da ke rufe ƙofa har abada

Iri na uku shi ne mafi muni, kuma shi ne 'yan tsakani ke jefa yara a ciki. Takardar banki da aka gyara a kwamfuta, shaidar zama a Lome ga wanda bai taɓa kwana can ba, takardar karɓa daga makarantar da ba ta san da shi ba. A Kanada hukuncin ba da bayanin ƙarya haramcin shekara biyar ne, ko da wani ne ya cika takardun. A Amurka haramcin na tsawon rai ne. Ƙasashen Schengen suna da rumbun bayanai guda da ke ɗauke da hoton yatsu, don haka abin da ya faru a ofishin wata ƙasa, ta kusa da ita tana gani.

Ɓoye tsohon ƙi ma ƙarya ce. Fom yana tambaya ko an taɓa hana ka biza, kuma Amurka da Kanada da Birtaniya suna musayar bayanai. Ƙi na farko ba laifi ba ne, dubban ɗalibai sun samu a karo na biyu. Musanta shi ne ke mayar da ƙaramar matsala babba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a wannan harka kuwa da sunan ɗalibi ake haƙa shi, ɗan tsakani ya riga ya karɓi nasa.

Kada shekara ta tafi a jira

Hasarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta lokaci. Matashi ya ƙi yin rajista a gida saboda yana jiran biza, shekara ta wuce, ta biyu ta bi, sannan jami'in biza ya tambaye shi abin da ya yi a waɗannan shekaru. Giɓin da ba shi da bayani yana raunana dosiye na gaba.

Jami'ar Tahoua, wadda aka kafa a 2010 take kuma ɗauke da sunan masanin tarihin da ya rubuta tarihin Adar, tana nan cikin gari. Akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da Jami'ar Musulunci ta Say. Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta fi Yamai kusa da ɗan Konni, kuma ko bayan ficewar Nijar daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025 ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin 'yan ƙasar suna zirga-zirga ba biza. Maroko da Aljeriya suna ba da guraben karatu ta hannun gwamnati, hukumar ANAB ce ke sanar da su. Turkiyya tana buɗe neman tallafinta a intanet daga Janairu zuwa Fabrairu, ba tare da ɗan tsakani ba. Wanda ya zo da tallafin gwamnati ko na jami'a, tambayar wa zai biya ta faɗi da kanta, kuma mai neman masta da sakamako mai kyau ya fi mai sabuwar bakaloriya ƙarfin hujja.

Nauyi yana kan 'yan bida ma, tunda su ne ke biya. Ƙungiyoyin Adarawa a Abijan da Paris da Montreal sun saba haɗa kuɗin gina masallaci da kai gawa gida. Ɗaya daga cikinsu da ya iya karanta takardar ƙi, ya faɗa wa iyali gaskiya ko a sake nema ko a dakata, zai tsare musu miliyoyi. Hukumomin Yamai kuwa, tunda rikicin diflomasiyya ne ya rufe manyan ƙofofi biyu, su ne ya kamata su faɗaɗa guraben masta a jami'o'in jahohi, su kuma riƙa wallafa guraben ƙasashen waje a kan lokaci, yadda ɗan Takanamat zai ji kafin wa'adi ya wuce kamar yadda ɗan Yamai ke ji.

Kafin a sayar da wani sa domin dosiye na biyu, iyali su zauna da takardar ƙi a gabansu su amsa tambaya guda: mene ne ya canza tun wancan karo? Idan akwai amsa a rubuce, takardar banki ta wata shida, sunan da aka daidaita, karatun da ya dace da na baya, to a sake nema. Idan babu, san ya zauna a garke, yaron ya yi rajista a inda aka karɓe shi.